Shirun da Na Yi a Kan Kunnen Adda

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta ɗora man shanu a wuta za ta zuba a dambu. Ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni ina shanya kayan yarinyata, sai da na nemi turmi na zauna. Kowa in ya ji wannan ƙamshi abinci yake tunawa. Ni kuwa wani baƙin cokali nake tunawa, mai lanƙwasasshen hannu, da kan mahaifiyata kwance a cinyar kakata.

Karatuna bai yi nisa ba, 'yar'uwa mai karantawa, ki yi haƙuri da rubutun. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, yau kwana tara ina ɗiga wa 'yata magani a kunne, kuma har yanzu ban san ko jinta zai dawo daidai ba. An ce mu koma a duba. Kafin ranar ta zo ina son in sauke wani abu da na daɗe ina ɗauke da shi, don na lura kuskuren da na yi ina yarinya shi na sake yi ina uwa.

A wani ƙauye aka haife ni, tsakanin Sule Tankarkar da Gagarawa. Gidanmu Fulani ne da suka zauna suka kama noma, ga gero da riɗi a gona, ga 'yan shanu a bayan danga. A tsakar gida ana fara magana da Fulatanci a ƙarasa da Hausa. Ni ce 'yar fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido da ido, in ya yi mata magana a gaban mutane ba ta amsawa. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Ana yaye ni kakata, mahaifiyar babana, ta ɗauke ni zuwa ɗakinta. Ban taso ina ce wa mahaifiyata Inna ba. Adda nake ce mata, yadda ƙannenta suke ce mata, kamar yayata ce.

Duk ƙauyen nan babu wadda ta kai Adda kunya, haka mata suke faɗa. In na shigo sashensu sai ta sunkuyar da kai a kan aikinta. In na gaishe ta, shiru. Matan gida su kalli juna su yi murmushi, wata ta ce wannan ita ce 'yar mutunci. Ni ma har wani alfahari nake ji, ko da yake a can ƙasan raina ina son ko sau ɗaya ta ce mini sannu.

Kowace damina kunnen Adda yana tashi. Da farko ruwa-ruwa yake fitarwa, daga baya mugunya mai wari, sai ta cusa auduga ta ja ɗankwali ta rufe. An ce tun da ta yi ƙyanda tana ƙarama yake mata haka. Kakata ce mai maganin gidan, kuma goggon Adda ce, auren zumunci aka yi, shi ya sa babu nauyin suruka sosai a tsakaninsu. Takan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya bayan an ɗauke ruwa, ƙasa tana ta ƙamshi, Adda ta kwanta ta ɗora kai a cinyarta. Aikina biyu ne. In nemo gashin zabo in fige shi in bar ɗan kaɗan a ƙarshensa, sannan in riƙe cokalin man shanu da aka ɗumama da tafarnuwa. Kakata ta zura gashin tana juyawa, Adda tana runtse ido, sai a tsiyaya man har ya cika kunnen ya gangaro ta wuya.

A nan kaɗai nake samun kusantarta. Ina ganin zanen da ke gefen fuskarta, ina jin numfashinta a gwiwata. Allah ya yafe mini, har murna nake yi in kunnen ya tashi.

Ina da kamar shekara goma sha ɗaya, a cikin bazara, ranar kasuwar Maigatari, kakata ta bi mota ta tafi sayar da man shanu, maza kuma sun kai dabbobi. Gidan ya yi tsit, zafi ya sa har kaji sun buɗe baki a inuwa. Na zura hannu ƙarƙashin rumbu zan ɗauko ƙwan da wata kaza ta ɓoye, kunama ta harbe ni a yatsa. Wanda kunama ba ta taɓa harbi ba ba zai gane ba. Kamar an cusa mini garwashi ya bi hannu ya hau kafaɗa. Adda tana zaune tana tankaɗe, ta ba ni baya, tsakaninmu bai fi taku goma ba. Na kira Adda, na sake kira. Da azaba ta kai mini ko'ina sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na ƙwalla murya na ce, "Inna!"

Rariya ta ci gaba da kaɗawa a hannunta. Ko kafaɗarta ba ta motsa ba.

Matar baffana ce ta ji daga can sashensu, ta zo a guje ta ɗaure mini hannu. Sai da Adda ta ga inuwarta ta gifta sannan ta juyo, ta miƙe, garin ya zube. Amma ni na riga na yanke hukunci. Na ce a raina kunya ma tana da iyaka, wannan ƙiyayya ce. Daga ranar na daina gaishe ta.

Yaro mai jin haushi yana da ido. Na shiga lura da ita ina neman laifi, sai na fara ganin abin da manya ba su gani ba. Kullum takan zauna inda za ta hangi ƙofa. In ana hira ba ta kallon idon mai magana, bakinsa take kallo. In mata sun yi dariya, tata takan zo a baya kaɗan. In za ta saurari babana sai ta karkato masa gefen dama. Kakata kuwa da ma da ƙarfi take magana, ko da akuya take yi, don haka ba ta ga wani canji ba. Wata rana na zo bayan Adda na saki tasa a kan dutsen niƙa. Kaji suka watse, ɗan maraƙi ya zabura a turke. Ita tana ta tsince wake.

A nan na gane. Adda ba ta ji.

Ki tsaya a nan tare da ni, don nan ne wajen da nake jin nauyin rubutawa. Taku nawa ne daga dutsen niƙa zuwa ɗakin kakata? Da na je na ce mata kunnen Adda ya toshe, da magana ta ƙare. Ban je ba. Haushin kunama yana nan, kuma na sami wani abu da ya fi ramuwa daɗi. Na kira 'ya'yan baffana mata guda biyu na nuna musu. Sai ya zama mana wasa. In Adda tana daka ko tana wanke ƙwarya, in lallaɓa ta hagunta in tsaya, in ce mata mai baƙin hali, in ce mata wadda ta haihu ta yar. Su kuma suna bayan rumbu suna toshe baki. In ta juyo ta gan ni sai ta sunkuyar da kai, irin na kunya, wani lokaci har da ɗan murmushi, ta ɗauka na zo kusa da ita ne don ina so.

Damina ta zo, kunnen ya tashi, na nemo gashin zabo, na riƙe cokali. Aka yi girbi, aka yanke riɗi aka jingine shi ya bushe, sanyi ya shigo ya fita. Shekara guda cur ina da maganar nan a bakina.

Abin ya fashe ne a gidan suna. Mata sun cika tsakar gida, ana ta rabon fura. Wata dattijuwa daga ƙauyen gaba, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba, ta zauna kusa da Adda, ta hagunta. Ta shiga ba ta labarin jinyar maigidanta da yadda ya cika, murya ƙasa-ƙasa, tana share ido da gefen mayafi. Adda kanta yana sunkuye, ba ta ga hawayen ba. Da ta ji alamar an yi shiru sai ta ɗago da fara'a, kamar yadda ta saba rufe kowace hira, ta ce, "To madalla, madalla."

Dattijuwar ta ja jiki. Wata ta fara salati. Ni kuma, ina tsaye da ƙwaryar fura a gaban kowa, sai na fashe da dariya na ce, "Ai ba ta ji ku ba. Kuna ta cewa kunya, kunya. Kurma ce!"

Ina fuskantarta na faɗa. Ba ta ji muryata ba, amma ta ga bakina. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin tsakiyar idonta ba sai ranar. Ba ta yi fushi ba, da ma fushin ta yi. Ta kalle ni ne kawai, ta kalli matan, ta gyara mayafi ta tashi ta fita ba tare da ta ɗauki takalmanta ba.

Kakata ba ta dake ni ba. Da muka koma ta zaunar da ni a bakin gadonta ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce, "Tun bazarar bara."

Ta daɗe tana kallon hannayenta. Ta ce, "Ke kina riƙe da cokali, ni ina zubawa, kin sani ba ki faɗa mini ba?"

Babana ya ɗauki Adda a mashin ya kai ta asibiti a Gumel. Abin da suka dawo da shi, a bakin kakata na ji tana faɗa wa matar baffa. An ce na hagu ya riga ya tafi tun da daɗewa. Na dama shi ne ya lalace a 'yan watannin nan, da an zo da wuri da an tsare wani abu daga cikinsa. An ce kada a ƙara zuba mai, kada a ƙara zura komai. Kakata ta jefa cokalin nan a bayan danga. Adda ta daina zuwa suna da biki. Muryarta ta canza, ta zama da ƙarfi tunda ba ta jin kanta, sai ta rage magana gaba ɗaya. Babu wanda ya sake tayar mini da zancen, ni ma ban tayar ba. Kakata ta rasu ban nemi gafararta a kan wannan ba.

Yanzu ina aure a Gumel, mijina yana tuƙa keke mai ƙafa uku, muna zaune gida ɗaya da mahaifiyarsa. Allah ya ba ni 'ya mace, shekararta ɗaya da 'yan watanni. 'Yar fari ce, sai na yi mata yadda aka yi mini. Ba na kiran sunanta, yarinyar nan nake cewa. Ba na yi mata wasa in akwai mutum. Surukata tana yabona a gaban baƙi, tana cewa 'yan matan yanzu ba su da kunya amma ita ta dace. Ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye miki ba.

Bayan wata mura da ta yi mai zazzaɓi, sai ta shiga jan kunne tana kuka. Wata safiya na ga ruwa a kan zanin da take kwanciya, kukan kuma ya ragu. Na goge, na ce ƙurji ne ya fashe. Ruwan bai tsaya ba. Wallahi na gani, kowace safiya ina gani. Amma in na buɗe baki zan faɗa wa surukata sai in ji nauyi, kada a ce ina rawar kai a kan 'yar fari. Na ce bari dai ita ta lura da kanta. Na yi mako uku ina goge kunne a ɓoye ina saka mata hula.

Ana haka Adda ta zo duba mu, da ƙwaryar nono da ɗaurin kuka. Kwana biyu tana zaune a tabarma jikar tana rarrafe a gabanta. Tsakanin kaka da jika babu kunya, sai tsokana. Tana ce mata kishin me kike yi da ni, mummuna, tana ja mata ƙafa. A rana ta biyu na ga ta daina wasan. Ta cire mata hula ta kai hanci kusa da kunnen. Sai ta juyo gare ni, ni kaina, ba ta bi ta bakin kowa ba, ta yi magana da muryar nan tata da ake ji har zaure.

"Yarinyar nan kunnen dama take karkatowa. Irin tawa. Ɗauko mayafinki."

Surukata ta fito tana tambayar lafiya. Adda ba ta ma gan ta ba, ta riga ta goya yarinyar.

Malamar asibitin da ta duba mu ta leƙa kunnen da wata 'yar fitila, sannan ta juyo da wani hoto da ke bango ta yi mini bayani, kuma zan faɗa miki yadda na fahimta. Ta ce wannan da muke gani a waje mazurari ne kawai, yana tara sauti ya tura shi cikin rami. A ƙarshen ramin akwai wata fata a shimfiɗe kamar ta kalangu, siririya kamar ɓawon albasa, ita ce dodon kunne. Sauti in ya buge ta sai ta yi rawa. A bayanta akwai wasu 'yan ƙasusuwa uku, ƙaraminsu bai kai ƙwayar shinkafa ba, suna karɓar rawar su miƙa ta ga wani abu mai siffar katantanwa. Cikin katantanwar ruwa ne da wasu gashi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwan ya motsa, gashin ya kaɗa, jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. A nan ne mutum yake sanin an kira shi.

Ta ce mura takan bi ta wata 'yar hanya daga maƙogwaro ta tara mugunya a bayan fatar, in ta cika sai ta huda ta ta fito. Ashe ranar da kukan ya ragu, ranar fatar ta fashe. Ta ce a yaro takan haɗe in an kashe ciwon da wuri an tsare kunnen daga ruwa. In aka bar shi yana zuba wata da watanni, ko ana tura tsinke da gashi, ko ana tsiyaya mai ta cikin hujin, sai ya ci 'yan ƙasusuwan. Gashin cikin katantanwa kuwa in ya mutu ba ya sake tsirowa. Shi ne ƙarar injin niƙa take kashewa a hankali, da sanƙarau, da shawara mai tsanani a jariri, da wasu allurai in an yi su ba bisa ƙa'ida ba, da tsufa. Tana magana ina ganin gindin darbejiya.

Sai ta ce, "In kin kira sunanta tana juyowa?"

Na sunkuyar da kai. Ta maimaita. Na ce, "Ban taɓa kira ba. 'Yar fari ce."

Ba ta yi mini faɗa ba, 'yar ƙasar nan ce, ta san abin. Ta ajiye biro ta ce, "To, 'yar'uwa, ni ba a gidanku nake kwana ba. In ke ba ki kira ta ba, wa zai san ranar da ta daina ji? Zaga bayanta ki kira."

Yarinyar tana cinyar Adda. Na zaga. Bakina ya yi nauyi kamar an ce in tuɓe a kasuwa. Na tsaya ta dama na kira, ta juyo tana neman mai sabuwar muryar nan. Na koma ta hagu. Na kira sau ɗaya, sau biyu, tana ta wasa da awarwaron Adda. Sai a na biyar, da na ɗaga murya, ta waiwayo.

Ranar da Adda za ta koma na so in nemi gafararta. Sai na ga wahalar abin. In na faɗa a hankali ba za ta ji ba, in na ɗaga murya duk gidan zai ji. Na ja ta ɗaki na durƙusa a gabanta, na ɗago fuska yadda za ta ga bakina, na ce mata ba da sauti ba, ki yafe mini, na sani tun da wuri ban faɗa ba. Ta kalli bakin har na gama. Ta kawar da kai wajen ƙofa. Sannan ta ce, da ƙarfi, har surukata ta amsa daga tsakar gida ta ɗauka da ita ake, "An ɗiga wa yarinyar maganin rana?"

Na ce an ɗiga. Ta ɗora hannu a kaina, ɗan kaɗan, ta ɗauki ƙwaryarta.

Ban ce kunya mugun abu ba ce. A cikinta na tashi, kuma na san matan da suka yi ta da so suka yi. Amma a gidanmu ta rufe ciwon Adda har ya cinye, don shirun mai kunya da shirun wanda ba ya ji kamarsu ɗaya daga waje. Yanzu asibiti yana kusa, ga keke a ƙofar gida, ga waya a hannun kowa, abin da kakata ba ta samu ba. Duk da haka mako uku na yi, ba don nisa ba, don kada a yi mini dariya.

Yanzu ina kiran sunan 'yata a tsakar gida, a gaban kowa. Surukata takan kalle ni ta gefen ido, maƙwabciyata kuma ta leƙo ta katanga ta ce, "Oho, su wance an waye, yau har da sunan 'yar fari?" Nakan ji nauyi, in ci gaba da kira. In zan yi mata wanka sai na toshe kunnen da auduga mai ɗan man shafawa kamar yadda aka nuna mini. Kowace safiya in ta ba ni baya tana wasa da murfin kwano, nakan lallaɓa ta hagunta in kira a hankali, ina ƙirgawa a raina. Da safen nan a na uku ta juyo.